Wanda Ya Ba Dansoa Ruwa

"A yaye kwanon ɗakin nan gaba ɗaya, duk tsatsa ta cinye shi," in ji Opanyin Boadu, yana nuna rufin da makullin motarsa.

"Da mutum fa a ciki," Oforiwa ta ce. Tana tsaye a bakin ƙofa da 'yar langar koko a hannu.

"Na sani mana. Ba yayata ba ce?"

"To ba ta mutu ba tukuna."

Kafinta ya tsaya cak a tsakiyar tsani, ya dubi mai kuɗi, ya dubi tsohuwa, ya rasa maganar wanda zai bi. Can Boadu ya ja tsaki ya ce a fara daga ɗakin girki, a zo nan daga baya. Bai faɗi bayan me ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Rufin nan ya yi shekara da shekaru yana yoyo. Duk damina sai Dansoa ta jera robobi a tsakar ɗaki, ta ja gadonta zuwa lungun da ruwa bai kai ba. Ƙanenta Boadu, shugaban danginsu, mai shagunan kayan gini a Akra, ko ƙusa bai taɓa aikowa ba. Amma da likita ya ce a mayar da ita gida, ciwon cikin ya fi ƙarfin magani, sai ga mota ta hawo dutse maƙare da siminti da fenti da sabon kwano. Kada wani ya ce Boadu mugu ne. Ɗan ƙasar Kwawu ne kawai, irinmu mutanen kan dutse. Mu dai a bar mu da jana'iza. Mutum ya ƙare rayuwarsa a kango ba wanda zai ji kunya, amma a shimfiɗe gawarsa a gidan da ba fenti, baƙi su zo su gani, wannan gori ne da zai bi dangi har jikoki.

Oforiwa ba danginsu ba ce. Tela ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, shingen rogo ne kawai ya raba gidanta da na Dansoa. Benci ɗaya suke zama a coci tun suna goyo.

Ta ɗaga labule ta shiga. Dansoa tana kwance, ta ƙanƙance har gadon ya yi mata yawa. A ƙasa kusa da ita ɗanta Asiedu yana zaune ya miƙe ƙafafu, yana miƙar da ɓawon masara a kan cinyarsa, yana jerawa ɗaya bisa ɗaya. Aikinsa ke nan tun yana yaro, saboda da ɓawon ne uwarsa take ƙunsa dokunu, tuwon masarar da take sayarwa. An daɗe da sauke tukunyar dokunu, shi bai sani ba. Ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu, amma hankalinsa na ɗan yaye ne. Miyau ya jiƙa gaban rigarsa.

"Anti," ya ce, ya ɗaga mata ɓawo ɗaya ta gani.

"Ya yi kyau, ɗana. Sannu da aiki."

Dansoa ta buɗe ido. "Wane launi suka sayo?"

"Ruwan ƙwai."

"Kai! Duk launukan duniya. Ni da na tsani ruwan ƙwai." Ta yi 'yar dariya, ciwo ya katse ta. "To ai ba ni zan gani ba."

"Ki daina wannan magana, Yaya. Tashi ki kurɓi koko."

Ta kurɓa sau ɗaya ta kawar da kai. Daga ɗakin girki guduma ta fara sauka, ƙura na zubowa daga katakon rufi. Asiedu ya toshe kunnuwansa ya fara jijjiga jiki. Uwar ta sauko da hannu ta dafa kansa, ya lafa.

"Boadu ya gaya mini da safe," ta ce a hankali. "Wai a wannan ɗakin za a shimfiɗe ni. Yaron kuma za su kai shi sansanin addu'a na bayan dutse, har a gama jana'iza."

Kowa ya san gawa takan yi watanni a firjin asibiti kafin dangi su shirya, kuma kowa ya san wanda aka kai sansanin nan ba a cika komawa ɗauko shi ba. Oforiwa ta san wurin. Tun Asiedu yana saurayi ubansa ya taɓa kai shi, wai a fitar masa da aljani. Dansoa ta bi sawu ta same shi ɗaure da sarƙa a gindin itace, ana sa shi azumin dole, ya bushe kamar kara. Goya shi ta yi ta sauko da shi, ƙato da shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. Har yau tabon yana nan zagaye da idon sawunsa.

"Foriwa," in ji Dansoa, ta kama mata wuyan hannu. "Kada ki bari su ɗaure shi. Ni mutuwar ba ta dame ni ba, na gaji. Shi ne ya hana ni tafiya."

Oforiwa ta so ta ce to. Bakinta ya ƙi. Ta tuna gwiwoyinta da ba sa kai ta kasuwa sai ta huta a hanya, ta tuna ƙaton namiji ne da za a yi wa wanka a wanke masa kashi, ta tuna ɗa na dangin uwarsa ne, maƙwabciya ba ta da bakin magana.

"Allah zai buɗa hanya, Yaya," ta ce.

Dansoa ta saki hannunta. "Haka Fasto ma ya ce."

Kunya ta kama Oforiwa har ta kasa ɗaga ido. Ta kwashe langarta ta fita.

Ba wai ba ta yi ƙoƙari ba. Ta je wurin Fasto, ya saurare ta da kyau, ya ce abin tausayi ne, zai kai maganar gaban dattawan coci, sai dai sha'anin dangi ana taka shi a hankali. Tana fitowa ta ga sababbin bencinan da Boadu ya sa aka yi wa coci bara, suna ƙyalli. Ta kira ɗanta Ntiamoa, direba a Kumasi, tun ba ta gama bayani ba ya tare ta.

"Mama, don Allah. Ke da ake auna miki jini kowane wata? Ranar da kika faɗi, wa zai ɗauke ku ku biyu?"

"Ai ban ce zan ɗauke shi ba."

"Na san ki. Muryarki ta riga ta faɗa."

Ta san tambayarsa gaskiya ce. Ta koma kan keken ɗinkinta. 'Yan zumuntar mata har sun fara bitar waƙoƙin da za su rera wa Dansoa, ita Dansoa kuwa tana can tana jin su daga gadonta idan iska ta kaɗo.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ce, magina sun zauna cin ayaba da gyaɗa. Oforiwa ta shiga da ruwan ɗumi za ta goge mata jiki, sai ta ji numfashin ya sauya. Yana fita sama-sama, ya tsaya, ya dawo da ƙyar. Ta ajiye bokiti ta fita da sauri.

"Ina Opanyin?"

"Ya sauka Nkawkaw ɗauko tayil," in ji kafinta. "Wai wanda aka kawo bai dace da fentin ba."

"Matan gidan fa?"

"Sun tafi wurin mai hoto, zaɓen wanda za a buga a allon jana'iza."

A wurinmu mai mutuwa dutse yake hawa, shi ya sa yake haki, kuma ba a barinsa ya hau da ƙishirwa. Sai wani na jininsa ya tallafo kansa ya ba shi ruwa. 'Yan mishan sun raba mu da abubuwa da yawa, wannan kam ba su iya ba. Fasto kansa, da uwarsa za ta cika, shi ya ba ta. A ce wance ta mutu ba wanda ya ba ta ruwa, zagi ne da ya fi mari.

Oforiwa ta koma ɗaki ta cika moɗa. Ta tsaya da ita a hannu. Ita ba jininta ba ce. Duk faɗin gidan nan, da simintinsa da fentinsa, jinin Dansoa ɗaya ne ya rage a ciki, yana zaune a ƙasa yana jera ɓawon masara.

"Asiedu, taso. Zo ka ba Maa ruwa."

Ya taso da rarrafe. Ta tallafo kan Dansoa a ƙirjinta, ta damƙa masa moɗar, ta riƙe hannunsa don kada ya zubar. Rabin ruwan ya tafi a kan zane. Sai ya janye hannunsa daga nata, ya sa tafinsa ɗaya a ƙarƙashin haɓar uwar, daidai yadda take yi masa kullum, ya kai moɗar bakinta.

"Kaɗan-kaɗan," ya ce. "Kar ki ƙware."

Maƙogwaronta ya motsa. Ta buɗe ido ta dube shi, ta daɗe. Ya goge mata baki da bayan hannunsa. Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma ba ta dubi Oforiwa ba. Kafin magina su gama cin abinci rai ya yi halinsa.

Oforiwa ta rufe mata ido, ta yi addu'a. Ta fara wata waƙar coci ta kasa kai baiti na biyu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne matar nan ta tafi ba ta ji "to" daga bakinta ba.

"Maa ta yi barci," in ji Asiedu. Ya ɗora yatsa a leɓe. A waje guduma ta ci gaba.

Kafin yamma an kai gawa firji. Bayan 'yan kwanaki dangi suka taru a tsakar gidan, a kan kujerun roba, za a tsayar da ranar jana'iza. Oforiwa tana ɗakinta tana kalmashe bakin wani zane, tagarta na kallon shingen. Sai ta ga wata tsohuwar mota ta tsaya, maza biyu masu fararen riguna har ƙasa sun fito. Ɗaya ya riƙe ƙararrawa, ɗaya ya naɗe igiya a hannu.

Asiedu yana zaune a bakin ƙofar uwarsa, inda yake yini tun da aka ɗauke ta. Yana ganin fararen rigunan ya ƙwalla ƙara, irin ƙarar da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ya kutsa ƙarƙashin teburin magina, ya rungume ƙafar teburin. Fitsari ya biyo ƙasa.

Ƙafar Oforiwa ta tsaya a kan keke. Tun tana budurwa take rera waƙar Yesu mai taɓa kutare, mai tsayawa don makaho a bakin hanya. Ita ta ɗinka ƙyallen teburin jibin Ubangiji da hannunta. Ta tambayi kanta, idan ran ƙarshe Ubangiji ya ce mata, Oforiwa, kina ina lokacin da aka ɗaure yaron nan, me za ta ce? Ina kalmashe bakin zane? Tsoro bai sake ta ba, gwiwoyinta ma ba su daina ciwo ba. Ta dai miƙe ta ratsa ta cikin rogon.

"A'a, Maame, yanka mu za ki yi?" in ji mai igiyar, yana dariya.

Sai a lokacin ta ga almakashi a hannunta. Ba ta ajiye ba. Ta je ta tsaya a gaban teburin.

"Wane Yesu ne ya aiko ku da igiya?"

"Ba ɗaure shi za mu yi ba. Aljanin ake ɗaurewa."

"To ku kama aljanin ku tafi da shi, ku bar mini yaron. Na ga ƙafar da kuka ɗaura wancan karon, ba ta aljani ba ce."

Boadu ya taso yana gyara zanensa a kafaɗa. "Oforiwa, mun gode da ɗawainiyar da kika yi. Amma wannan maganar dangi ce. Ki koma gida."

"Opanyin, zan koma. Tambaya ɗaya nake jira a yi mini tun ranar da aka ɗauke ta, ba wanda ya yi. Wa ya ba ta ruwa?"

Wata tsohuwa, wadda ta fi kowa shekaru a dangin, ta juyo a kujerarta. "Boadu, ba kai ba ne? Mu duk mun ɗauka kai ne."

Boadu ya dubi ƙasa.

"Yana Nkawkaw wurin tayil," in ji Oforiwa. "Ban faɗa don in tozarta ka ba, Boadu, na san ka tun kana yawo ba wando. Amma ga wanda ya ba ta can a ƙarƙashin tebur. Shi ya tallafi haɓarta, shi ya goge mata baki. Da ba don shi ba, da yayarka ta hau dutse da ƙishirwa, da yau ba ku da fuskar zama a nan. Shi za ku ba wa masu igiya?"

Tsohuwar ta ɗora hannu biyu a ka, ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Sauran suka yi ta kallon ƙafafunsu.

Boadu ya ja Oforiwa gefe, muryarsa ta sauka. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ya kike so in yi? Matata ba za ta riƙe shi ba, na tambaya. Kowa a nan na tambaya. Mutane za su zo daga Akra, wasu daga ƙasashen waje. Ya tsaya a gaban gadon yana zubar da miyau, ko ya yi abin da ya yi yanzu? Gawar yayata za a yi wa dariya."

"Ka ba ni shi."

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Ban sani ba. Ka ba ni shi dai."

Ya daɗe yana jujjuya makulli a hannu. "To. Amma ki ji da kyau, a gaban mutane nake faɗa. Idan kin ɗauka, kin ɗauka ke nan, kada wata rana ki dawo mana da shi ki ce kin gaji. Kuma ranar jana'iza kada ya taka gidan nan. Ko coci. Kada ido ya gan shi."

"Uwarsa ce fa."

"Sharaɗina ke nan."

Ta san abin da hakan yake nufi. Ba mai zama da Asiedu ran jana'iza, duk gari yana can. In ba zai je ba, ita ma ba za ta je ba. Kuma a Kwawu, wanda bai je jana'izar aminiyarsa ba, sai ya mutu ana faɗa.

"Na ji," ta ce.

Masu fararen riguna suka karɓi kuɗin mai suka tafi suna gunaguni. Ta durƙusa da ƙyar a gaban teburin, ta yi ta lallashi, har ya saki ƙafar katakon ya kama bakin zanenta. Haka suka ratsa rogon, tana gaba yana biye, wandonsa sharkaf.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Ya ƙi cin sakwararta sai da ta gane uwarsa takan gutsura masa ƙanana ta jera a bakin kwano. Kullum da safe sai ya je shinge ya kira Maa. Akwai ranar da ya ture ta ta bugu da bango, ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta ce wa Allah ita fa ba ta iya ba, ya san yadda zai yi. Sannan ta tashi ta ɗora ruwan wanka. Ntiamoa ya yi fushi ya daina kira, daga baya ya zo da buhun shinkafa, ya yi wa Asiedu aski. Da zai tafi ya sake tambayarta wa zai riƙe shi bayan ranta.

Sai da damina ta wuce aka yi jana'izar. Gidan ya fito fes, ruwan ƙwai tun daga kan titi. An kafa rumfuna, an jera lasifika, gari ya cika da ja da baƙi. Masu dawowa ɗebo kujeru suna ta yaba gadon da aka shimfiɗe ta a kai, wai ba a taɓa ganin Dansoa ta yi kyau haka ba. 'Yan zumuntar mata suka wuce ta ƙofar Oforiwa cikin anko, wata ta ɗaga murya don a ji: "Wasu dai ba su san amana ba." Oforiwa ta ji, ta ji zafinsa kuma. Tana tsakar gida tana sa wa Asiedu wata riga da ta haɗa masa da ragowar ƙyallayen baƙi da ja.

Hanyar maƙabarta ta bayan gidanta ta bi. Da ta ji ƙararrawar coci, ta kama hannunsa suka je can ƙarshen gona, bayan ganyen ayaba, inda za su ga hanya ba a gan su ba. Masu badujala suka fara wucewa, sai Fasto, sai doguwar mota baƙa mai gilashi, tana tafe a hankali, akwatin a ciki an lulluɓe shi da furanni.

"Asiedu," ta ce. "Ga Maa can za ta wuce."

Ya ɗaga hannu yana yi wa motar bai-bai, yana murmushi, yadda yake yi wa kowace mota. Motar ta wuce, jama'a suka bi bayanta, ta sha kwana a gindin dutse. Kiɗan ya yi nisa har ya ɓace. Shi dai bai sauke hannun ba. Murmushin ya tafi, hannun yana nan a sama, ya fara rawa don gajiya.

Oforiwa ta matso ta tallafi gwiwar hannunsa da tafinta, suka ci gaba da tsayuwa suna kallon hanyar.